Yadda ake nazarin buɗin wasan ces kafin a shiga gasa

Gasar farko da na shiga, a wani ɗakin taro nan Birnin Kebbi, na je ne da taku goma sha biyar na Kariyar Sisiliya, wani sanannen buɗin wasa na mai baƙaƙen 'ya'ya, a kaina. Sati uku na yi ina haddace su a waya, har ta kai idan na kwanta ina ganin allon a jikin silin. Aka haɗa ni da wani dattijo, tsohon malamin lissafi, wanda ya zo a kan keke da hularsa da ta sha rana. Ya buga e4, na buga c5 ina murmushi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tura dakaren c gida ɗaya. Wannan taku ba ya cikin haddata. Na yi kusan minti goma ina kallon allo kamar an kawo mini takardar jarrabawar da ba tawa ba, kuma kafin taku na ashirin da biyar na miƙa masa hannu.

Da muka fito shan iska ya ce da ni, "Yaro, wanga c5 da kab buga, mi kaka biɗa da shi?" Na ce, "Malam, haka na ga manya suna yi." Ya ce, "To sai ka kira manyan su ida maka wasan."

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na koma bi daga ranar. Na rubuta ne don wanda ya riga ya san tafiyar kowane ɗa a allo, yana bugawa da abokai a gindin dogon yaro bayan la'asar ko a waya da dare, yanzu kuma yana son ya zauna gaban agogo a gasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu dara a bakin kasuwa ya san cewa tun wajen jera 'ya'ya a ramuka gwani yake gina cinsa, kuma ba ya ajiye tsinke ko tsakuwa a rami sai da dalili. Buɗin ces ma haka yake.

Mataki na farko: ka iya rubuta wasa da karanta shi

Ba a nazarin buɗi sai da rubutu. Allon gida 64 ne. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasa ana kiransu da haruffa, daga a zuwa h, waɗanda suka gitta kuma da lambobi, daga 1 zuwa 8, ana farawa daga ɓangaren Fari. Saboda haka kowane gida yana da suna, kamar e4 ko f7. Idan za ka shimfiɗa allo, farin gida ya kasance a kusurwar hannunka na dama. Na sha ganin mutane sun yi rabin wasa kafin su lura allon a karkace yake.

A rubutu, K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, N doki, B kuma shi ne ɗan da ke tafiya a karkace, wanda Larabawa ke kira giwa, mu ma haka muke kiransa a majalisarmu. Dakare ba shi da harafi, sunan gidan da ya je kawai ake rubutawa. Alamar x ci ce, + na nufin an yi wa sarki cek, # kuma an kama sarki, wasa ya ƙare. O-O shi ne shigar da sarki turaka ta gajeren ɓangare, wato takun nan da sarki ke tsallaka gida biyu hasumiya ta zagayo gefensa, O-O-O kuma ta dogon ɓangare. Ka ɗauki kwana uku kana rubuta duk wasan da ka buga, ko da ƙanenka ne. A gasa mai dogon lokaci dole ne ma kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa, gara hannu ya saba tun a gida.

Mataki na biyu: ka san aikin da buɗi yake yi

Aiki uku ne. Ka kama tsakiyar allo, wato gidajen e4, d4, e5 da d5. Ka fito da dawakai da giwaye daga layin baya, kowanne da taku ɗaya in da hali. Ka shigar da sarki turaka kafin a buɗe layin da yake kai. Duk wani buɗi mai dogon suna, in ka tone shi, waɗannan ukun za ka tarar, sai dai kowa da hanyar da yake bi.

Maimakon in yi ta bayani, ka ɗauko allo na gaske, ba waya ba, ka buga wasan nan da hannunka. Paul Morphy ne, Ba'amurke ɗan garin New Orleans, ya buga shi a Paris a 1858 yana da shekara 21, a cikin gidan kallon waƙe-waƙe, da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai suna shawara a kan baƙaƙen 'ya'ya:

1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.d4 Bg4 4.dxe5 Bxf3 5.Qxf3 dxe5 6.Bc4 Nf6 7.Qb3 Qe7 8.Nc3 c6 9.Bg5 b5 10.Nxb5 cxb5 11.Bxb5+ Nbd7 12.O-O-O Rd8 13.Rxd7 Rxd7 14.Rd1 Qe6 15.Bxd7+ Nxd7 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8#

Ka tsaya a taku na 7. Sarauniyar Fari ta koma b3, tana duban b7, tana kuma mara wa giwa baya a kan f7. Baƙi ya kare f7 da sarauniyarsa, amma da ya ajiye ta a e7 sai ta toshe wa giwarsa ta f8 hanya, sarki kuma ya rasa damar shiga turaka. Yanzu dubi taku na 8. Dakaren b7 yana nan a banza, mafi yawanmu da mun cinye shi. Morphy ya bar shi ya fito da doki. A taku na 9 ya fito da giwa ya ɗaure dokin f6, wato in dokin ya motsa za a ci sarauniyar da ke bayansa. A na 12 ya ɓoye sarki, hasumiya kuma ta faɗo kan layin d a taku guda. Idan ka kai ƙarshe, kada ka yi saurin kwashe 'ya'yan. Dubi giwar Baƙi a f8 da hasumiyarsa a h8: tun da aka jera su ba su motsa ba. Shi kuwa Morphy hasumiya ɗaya da giwa ɗaya suka rage masa, kuma su suka gama aikin. Ka maimaita wasan nan har ka iya buga shi ba tare da duba takarda ba, kana faɗin dalilin kowane taku da bakinka.

Mataki na uku: ka zaɓi kaɗan, ka zauna a kansu

Littattafan buɗi sun kasa su zuwa lambobi 500, daga A00 zuwa E99. Kai abu uku kake buƙata: abin da za ka buɗe da shi idan kana da farare, amsarka ga 1.e4, da amsarka ga 1.d4. Shawarata ga mai shirin gasar farko ita ce ya fara da 1.e4, ya amsa e4 da e5, ya amsa d4 da d5. Na san samari ba sa son jin haka, kowa Sisiliya yake so saboda sunanta da kwarjini. Sisiliya tana da kyau, amma gona ce mai faɗi, wanda bai da shanun huɗa ba ya fara noma da ita.

Idan kana da farare, ga Buɗin Italiya: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.c3 Nf6 5.d3 d6 6.O-O O-O. Taku shida ke nan, ga kuma dalilansu. Doki ya je f3 don ya kai wa e5 hari. Giwa ta je c4 don ta dubi f7, gidan da a farkon wasa ba mai gadinsa sai sarki shi kaɗai. Dakaren c3 yana aiki biyu: yana share fagen tura d4 nan gaba, yana kuma buɗe wa giwa mafaka a c2: ta koma b3 tun da wuri, idan dokin Baƙi ya zo a5 ya kore ta sai ta shige c2. Shi kuwa d3 don dokin f6 ya sa ido kan e4 ne, dole a tsare shi. Bayan nan ba hadda kake buƙata ba, tsari ne: hasumiya zuwa e1, h3 don hana giwar Baƙi zama a g4, dokin b1 ya bi ta d2 da f1 ya fito g3, sannan in komai ya kimtsa ka tura d4. Manyan 'yan wasan duniya suna buga wannan tsari har yau, ba buɗin yara ba ne. Idan Baƙi ya buga 3...Nf6 (ɗigo ukun na nufin takun Baƙi ne) maimakon Bc5, ka buga 4.d3, za ku dawo hanya ɗaya.

Amma ba kowa zai amsa maka da e5 ba. Ga mai Sisiliya, 1...c5, ka yi masa abin da dattijon nan ya yi mini: 2.c3, da niyyar d4. Amsoshinsa na ƙwarai biyu ne. In ya buga 2...d5, sai 3.exd5 Qxd5 4.d4. In ya buga 2...Nf6, sai 3.e5 Nd5 4.d4. Ga mai Kariyar Faransa, 1...e6, ka bi 2.d4 d5 3.e5 c5 4.c3 Nc6 5.Nf3 Qb6, ka kuma sani cewa duk rigimar a kan d4 take: shi yana tara masu hari, kai kana tara masu gadi. Ga mai Caro-Kann, 1...c6, hanya mafi sauƙi ita ce 2.d4 d5 3.exd5 cxd5 4.Bd3 sannan c3. Ka lura da abin da ya haɗa su duka: dakaru biyu, c3 da d4. Da gangan na zaɓo su haka, don idonka ya saba da gini iri ɗaya ko ta wace ƙofa aka shigo.

Idan kana da baƙaƙe aka buɗe maka da 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6, abu biyu za ka fi gamuwa da su. In an zo da 3.Bc4, ka amsa da 3...Bc5, ba Nf6 ba. Dalili: bayan 3...Nf6 Fari yana da 4.Ng5, doki da giwa su haɗu a kan f7, kuma idan ka bi 4...d5 5.exd5 Nxd5 sai ya faɗa da 6.Nxf7 ya jawo sarkinka tsakar gida. Akwai maganinsa, wato 5...Na5, amma sai ka yi karatu mai yawa. Da 3...Bc5 kuwa, in ya yi gangancin 4.Ng5 sarauniyarka ta cinye dokin a banza, in kuma ya jira ka fito da Nf6 sannan ya zo, ka shige turaka, hasumiya ta tsare f7. In an zo da 3.Bb5, Buɗin Sifen ke nan, wanda ake kira da sunan limamin coci Ruy López da ya yi rubutu a kansa a 1561. Ka buga 3...a6. Kada ka ji tsoron rasa e5: bayan 4.Bxc6 dxc6 5.Nxe5 kana da 5...Qd4, ka kama doki da dakaren e4 a lokaci guda, abinka ya dawo. In giwar ta ja baya, hanyar ita ce 4.Ba4 Nf6 5.O-O Be7 6.Re1 b5 7.Bb3 d6 8.c3 O-O.

Ga 1.d4 d5 2.c4, wanda a manhaja za ka ga an rubuta Queen's Gambit, dakaren c4 ƙoto ne a bakin ƙugiya. Ana iya cinsa, amma ba a riƙe shi. Kai dai ka buga 2...e6, ka bi da 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Be7 5.e3 O-O 6.Nf3 h6 7.Bh4 b6. Matsalar Baƙi a wannan gini guda ce: dakaren e6 ya rufe giwar c8 a ɗaki. Shi ya sa ake buga b6, don ta sami taga ta b7, daga baya kuma a tura c5. Wannan wuri shi ne Bobby Fischer da Boris Spassky suka iso a wasa na shida na karawarsu ta kambun duniya a Reykjavik a 1972, ranar da Fischer, wanda aka sani da e4 kusan duk rayuwarsa, ya buɗe da c4. Ka nemi wasan ka buga shi a allo. Fari ne ya ci, saboda haka zai nuna maka abin da za ka yi hattara da shi. In kuma aka zo maka da Tsarin Landan, wato d4 da Bf4 da e3, wanda ya cika intanet yanzu, ka tuna giwar da ta bar c1 ta bar b2 ba gadi: ka tura c5, ka fito da Nc6, ka duba ko Qb6 za ta yi.

Mataki na huɗu: littafi, da tishi

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka raba shi uku: Fari, amsar e4, amsar d4. A shafin dama ka rubuta takun, a na hagu ka rubuta dalilin kowanne da Hausarka, gajere: "don tsare e4", "don giwa ta sami mafaka". Ƙa'idar da nake bi ita ce, takun da na kasa rubuta dalilinsa ba ya shiga littafin. Kada layi ya wuce taku takwas a farko. A ƙasan kowane layi ka rubuta jimla biyu a kan inda 'ya'yanka za su nufa bayan nan, domin ranar gasa wannan jimlar ce za ta cece ka lokacin da hadda ta ƙare.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san sauran. Ba a ƙara sabon rubutu sai an biya na jiya, kuma wanda ba ya tishi karatunsa zubewa yake. Kowace rana ka ware minti ashirin, ka rufe littafin, ka buga layi ɗaya a allo daga ɓangarorin biyu, sannan ka buɗe ka duba. Wanda ka yi daidai ka bar shi sai bayan kwana uku, sannan bayan sati. Wanda ka yi kuskure ka sake shi gobe. Ni bayan sallar asuba nake yi, kafin gari ya ɗau zafi, don a watan Afrilu a Kebbi ba mai iya lissafin taku biyar da azahar. Allona na leda ne mai naɗewa, lokacin hunturu sai na danne kusurwoyinsa da duwatsu saboda iska, kuma dakaren h na farare ya ɓace tun bara, marfin kwalba ne ke tsaye a gidansa. Bai hana komai ba.

Mataki na biyar: ka buga, sannan ka binciki wasanka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa. Ka buɗe asusu a shafin wasan ces na intanet, Lichess, kyauta ne, ko a Chess.com. Ka daina wasan minti ɗaya da minti uku na ɗan lokaci. Suna da daɗi, na sani, ni ma sun sha cinye mini caji har wayar ta mutu ana tsakiyar ɗauke wuta, amma hannu suke koya wa gudu, ba sa koya wa kai komai. Ka buga mai minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Wasa biyu a rana sun isa.

Da an gama wasa, ko ka ci ko an ci ka, kada ka taɓa maɓallin sabon wasa. Ka koma farko ka bi takun ɗaya bayan ɗaya da littafinka a buɗe, har ka iso wurin da aka bar abin da ka rubuta. Tambaya ta farko: wa ya fara kaucewa? In kai ne, mantuwa ce, layin ya koma tishin gobe. In shi ne, ka tsaya nan ka yi tunani da kanka minti biyar: me takun nasa yake nema, me ya bari ba gadi, me ya kamata ka yi? Ka rubuta amsarka. Bayan haka ne za ka buɗe rumbun buɗi na Lichess, wanda ke nuna takun da aka fi bugawa a wannan wuri da yadda wasannin suka ƙare. Yana da ɓangaren wasannin gwanaye, yana da na sauran jama'a, kuma ana iya tace shi ya nuna na masu maki irin naka. Ka duba duka biyun: na gwanaye ya gaya maka abin da ya dace, na tsaranka ya gaya maka abin da za ka tarar ranar gasa.

Injin Stockfish, manhajar da ke lissafa takun da ya fi kyau, shi ne na ƙarshe. Lambar da yake nunawa, +1.0 misali, tana nufin Fari ya fi da kimanin dakare ɗaya, alamar ragi kuma Baƙi ne a gaba. Kada ka damu da bambancin +0.2 da +0.4, wannan rigimar manya ce. Ka nemi wurin da lambar ta yi tsalle da biyu ko uku, nan aka yi ɓarna. Kuma in injin ya ba ka taku ka rasa gane dalilinsa, ka buga abin da kake tsoro a kansa ka ga yadda zai amsa. In har yanzu bai shige ka ba, ka bar shi, ka ɗauki na biyu da ka fahimta. Daga kowane wasa taku ɗaya tak za ka ƙara a littafi. Bayan wata biyu za ka ga littafin ya yi kauri a wuraren da abokan karawarka suke bi da gaske, ya kuma zauna siriri a wuraren da ba mai zuwa.

Mataki na shida: tarkuna

Ka san su don kada ka faɗa, ba don ka gina wasanka a kansu ba. Wanda kowa ya fara cin karo da shi: 1.e4 e5 2.Qh5 Nc6 3.Bc4, in ka buga Nf6 sai Qxf7#. Maganinsa 3...g6, in ta koma f3 ka buga Nf6, daga nan kai ke fito da 'ya'ya ita tana yawo.

Mai Buɗin Italiya kuma ga wanda aka haƙa dominsa: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nd4. Dokin ya bar e5 ba gadi, kamar kuskure. In ka ci, 4.Nxe5 Qg5 5.Nxf7 Qxg2 6.Rf1 Qxe4+ 7.Be2 Nf3#, an kama sarkinka a tsakiyar 'ya'yansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka buga 4.Nxd4 ko ka shige turaka, ka fi shi wuri. A Kariyar Faransa, bayan layin da na bayar, in ka buga 6.Bd3 cxd4 7.cxd4, Baƙi mai gaggawa zai ci 7...Nxd4 8.Nxd4 Qxd4, sai 9.Bb5+ ta buɗe layi sarauniyarsa ta tafi. Amma wanda ya sani zai fara buga 7...Bd7, daga nan d4 ɗinka yana cikin hatsari na gaske, shi ya sa na fi son 6.Be2 ko 6.a3. Kai ma kana da naka a ɓangaren baƙaƙe: 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Nbd7 5.cxd5 exd5, in Fari ya ɗauka dokin f6 a ɗaure yake ya ci 6.Nxd5, sai 6...Nxd5 7.Bxd8 Bb4+ 8.Qd2 Bxd2+ 9.Kxd2 Kxd8, ka tashi da ribar ɗa guda. Wannan yana da kyau domin ko bai faɗa ba, Nbd7 taku ne mai lafiya.

Mataki na bakwai: satin gasa da ranarta

Kwana bakwai kafin gasa ka rufe ƙofar sabon karatu. Tishi kawai, da wasa ɗaya a rana a allo na gaske, da agogo. In ba ku da agogon ces, akwai manhajarsa a waya, ku ajiye ta a gefen allo ku saba da bugawa. Wanda ya saba da waya kaɗai yakan rikice ranar farko da ya ga 'ya'ya a tsaye, giwa ta ɓuya bayan sarauniya bai gan ta ba.

Yawancin gasa ana yin su ne da tsarin Suwis: ba a fitar da kowa, kowane zagaye ana haɗa masu maki kusan ɗaya, ci maki 1 ne, canjaras rabi, kuma ana ƙoƙarin sauya maka launi daga zagaye zuwa zagaye. Ma'ana kusan rabin wasanninka da baƙaƙe za ka buga, kada ka bar kashi biyu na littafin su yi ƙura. Dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Paris a 1924, su ake bi, kuma biyar daga ciki sun fi kama sababbi. Ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka motsa, in kana son gyara masa zama sai ka faɗa tukuna. Wajen shiga turaka sarki ake fara ɗauka, in ka fara taɓa hasumiya ita kaɗai za ta tafi. Hannun da ya motsa ɗa shi ke buga agogo. Waya kuma ba ta zama a jikinka a wurin wasa, ana iya ba abokin karawarka wasan saboda ita, ka kashe ta ka miƙa inda alƙali ya ce. Haramtaccen taku na farko ana ƙara wa abokin wasanka lokaci, na biyu wasan ya tafi.

A kan allo, ko da ka san takun kamar sunanka, ka ba shi daƙiƙa goma ka tabbata wurin shi ne wanda ke littafinka, don sau da yawa taku ɗaya ne ya bambanta, hannu kuma ya riga ya tafi. Lokacin da abokin wasa ya kauce daga abin da ka sani, kuma zai kauce, wataƙila tun taku na uku, ka cire hannunka daga kan tebur ka sa a cinya. Ka duba ko akwai abin da yake shirin ci. Ka duba ko ya bar wani abu ba gadi, in ya bari ka lissafa taku biyu gaba kafin ka taɓa. In babu ko ɗaya, ka nemi dokin ko giwar da ba ta fito ba ka fito da ita, in duk sun fito ka shigar da sarki turaka. A wasan minti 15 kada buɗi ya ci maka fiye da minti uku ko huɗu.

In an tashi, ka roƙi abokin karawarka ku koma kan wasan tare a waje, musamman in ya girme ka. "Malam, don Allah a ina na ɓata?" ta isa. Ka riƙe takardar da ka rubuta wasan, ka ninke ta cikin littafin, da dare ka nemo takun da aka fara kaucewa ka rubuta shi a shafin dama, dalilinsa a na hagu.